Kiɗan Maharba a Faifan Usta Kamal

Sai da na kwana uku a tsibirin Kubrus kafin na yarda cewa makarantar da aka turo ni babu ita. Ginin dai yana nan, bene hawa biyu, da allo a goshinsa mai hoton zangarniyar alkama. Amma ƙofar ɗaure take da sarƙa, sarƙar ma har ta yi tsatsa. Kullum da safe nakan je in tsaya a bakinta da takardata a hannu, ina ce wa kaina ƙila hutu suke yi. A rana ta uku mai shagon da ke kusa ya fito, ya karɓi takardar ya duba, ya mayar mini. Bai yi mini dariya ba. Ya shiga ya kawo mini shayi a ɗan kofin gilashi, sannan ya nuna mini hanyar tasha da hannu. Daga yadda ya yi na gane ba ni ne na farko da ya ba shayin nan ba.

Sunana Habibu. Mutumin Tabanni ne ni, a ƙasar Birnin Gwari. Na yi karatun aikin gona a Zariya, na koma gida ina noman masara a gonar da mahaifinmu ya bar mana, har lokacin da gona ta gagari kowa. Ba fari ba ne, ba kuma tsutsa ba. Dajin da muka tashi muna shiga neman itace da zuma ne ya cika da 'yan bindiga, har ya zama in za ka fita da fartanya sai ka nemi gafarar mutanen gida. Wani dalali a Kaduna, mai fara'a da dogon carbi, shi ya ce akwai makaranta a Kubrus inda zan ƙaro ilmi da safe in yi aiki da yamma. Tun ranar da na sauka lambarsa ba ta sake shiga ba.

A tashar nan na ji an ce, “Malam, daga ina?” Kwana huɗu ban ji Hausa ba. Na juya na ga wani saurayi mai jar hula, ya ce sunansa Ɗanlami. Na riƙe hannunsa da hannu biyu kamar na ga ɗan ɗakinmu. Ya saya mini burodi, ya saurari labarina yana girgiza kai, ya ce, “Kada ka damu, ɗan'uwa rabin jiki ne. Akwai inda zan kai ka.”

Gonar lemu ya kai ni. Mai gonar ya karɓi fasfona, wai zai ajiye mini kada ya ɓata, aka nuna mini gado a cikin wata kwantena da muke kwana mu tara. Sai bayan wata biyu na gane sana'ar Ɗanlami ke nan. Tashar ce ofishinsa. Ya san ranar da irinmu ke gajiya da tsayuwa a bakin ƙofar makarantar nan, yakan je ya jira su kamar yadda ake jiran ɗinya ta faɗo. Na sha zagi a tsibirin nan da harsuna da yawa, amma cutar da ta fi yi mini ciwo da Hausa aka yi mini ita.

Ni da na karanta yadda ake kula da itatuwan lemu a littafi, sai ga ni ina tsinkarsa da almakashi cikin ruwan sama mai sanyi, ƙaya tana tsaga mini hannu. Akwai wani dattijo ɗan Bangaladash a kwantenarmu. Ba mu da harshe ɗaya ban da Fatiha. Shi ya koya mini naɗe yatsu da tsumma. Makon da zazzaɓi ya kama ni, yakan cika akwatinsa ya zo ya cika nawa, don kada mai gona ya ga na zama kaya ya kore ni. Har muka rabu ban iya faɗin sunansa daidai ba. Da lemu ya ƙare, mai gonar ya zube fasfunanmu a kan tebur kamar karta, ya ce kowa ya kama gabansa.

Yadda na tsallaka zuwa Istanbul, a ƙasar Turkawa, labarin wani dalali ne kuma, ba zan ɓata takarda a kansa ba. Bizar ɗan lokaci ya samo mini, ta ƙare, na shiga sahun masu tafiya suna waiwaye. Na yi dakon dilolin yadi a wata kasuwa mai hawa da gangara. Na koyi gane motar 'yan sanda daga ƙarar birkinta. Na saba da yadda mace kan janye jakarta in na zauna kusa da ita a bas. Ɗakinmu a ƙarƙashin ƙasa yake, tagarsa daidai da takalman masu wucewa.

Daga dako na samu shiga shagon Usta Kamal. Usta shi ne abin da suke kiran maigidan sana'a. Kafinta ne, kujerun gidajen shayi yake yi, ya haura shekara sittin, furfurarsa ɗaure a ƙeya. Aikina shi ne goge ƙafafun kujeru da takardar gugar katako har su yi santsi. Ba zan ce waliyyi ba ne. Ya san ba ni da takardar zama, ya kuma san araha ce ɗaukar irina. Amma da sanyi ya shigo, ya kawo mini kwat ɗin ƙanensa da ya rasu, kuma kullum da azahar kwano ɗaya na miya muke sa wa burodi ni da shi.

Abu ɗaya ne ya gallabe ni a shagon: kiɗa. Usta Kamal tun yana saurayi yake son kiɗan Turawa da ake kira rok, mai jita ta lantarki da ganguna kamar ana rushe gini. Daga buɗe shago har rufewa lasifika ba ta hutawa. Da farko kaina yakan yi ciwo. Daga baya na daina jinsa, kamar yadda mai gida kusa da injin niƙa yake daina jin injin.

Ina cikin shekarata ta farko a shagon aka katse layukan waya a yankinmu baki ɗaya, wai don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana. Saƙon ƙarshe da na samu daga yayata Rakiya ne. Ta ce sun ɗaure kaya, za su bar Tabanni su koma cikin garin Birnin Gwari ita da Inna da yara, in sun isa za ta kira. Daga nan shiru. Ban san ko sun isa ba. Hanyar da za su bi na san ta, na san kowace kwana da ake tare mutane a kanta. Sau goma a rana nakan fito da waya in danna lambarta, wata murya ta ce ba a samun wanda nake nema.

A cikin wannan hali ne, wata safiya, Usta ya sa sabon faifai. Ya ce 'yar ƙanwarsa ce ta kawo masa, na wasu mawaƙa ne daga arewacin Turai. Waƙa ta ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce, ina gugata. Da ta uku ta fara, ba jita ba ce ta buɗe ta. Wani abu ne mai tsirkiya biyu, mai kaurin murya, kuma bayan kowane bugu akwai wata 'yar rawar ƙarfe da ke biyo shi kamar kukan zuma a cikin amya. Can a bayansa, ƙasa-ƙasa, kurciya tana kuka. Bai fi numfashi goma ba ganguna suka faɗo suka danne shi.

Ƙafar kujerar ta suɓuce daga hannuna.

Na san sautin nan. Bayan katangar gidanmu a Tabanni gidan Baba Jatau ne, makaɗin maharba. Lokacin da daji yake daji, in maharba za su shiga ko sun fito, a ƙofar gidansa suke taruwa. Mahaifinmu malami ne, ya hana mu leƙawa. Yakan ce kiɗan maharba ba na ɗan malam ba ne. Don haka ta saman katanga kawai na san shi, ina zaune a zaure da littafi a gabana, kunnena yana can. Ban taɓa tsayawa na dubi abin da yake kaɗawa ba. Da na girma na shiga boko, sai na ƙara da raini irin na wanda ya fara sa wando.

Usta ya ɗago kai ya ce, “Habib, ka yanke ne?”

Na ce da guntun Turkancina, “Usta, mayar da shi baya. Wannan namu ne.”

Ya mayar. Ya karkata kai ya saurara, ya ce, “Wannan ai irin molonmu ne mai dogon wuya. Sai dai mai kaɗa shi bai iya ba.”

“Ba naku ba ne. Na garinmu ne. Na san mai shi.”

Ya yi murmushi, ya ajiye guduma. “To, madalla. Mene ne sunansa?”

Na buɗe baki. Garaya ce ta fara zo mini, amma na san garaya, na sha jin ta a Zariya, muryarta ba ta kai wannan kauri ba. Gurmi ma ba haka yake ba.

Ya ce, “Naku ne, amma ba ka san sunansa ba.” Ba da mugunta ya faɗa ba, ya ma koma kan aikinsa. Amma duk zagin da na sha tun daga Kubrus babu wanda ya zauna mini a ƙirji kamar wannan magana.

Kashegari 'yar ƙanwar tasa ta zo. Sunanta Deniz, tana rubutu a kan kaɗe-kaɗe a intanet, kuma tana jin Turanci, don haka muka yi magana ba tare da nuni da hannu ba. Ta nuna mini bayan kwalin faifan, inda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa an ɗauki sautin a daji, a Afirka ta Yamma, ba a san mai kiɗan ba. Sannan ta buɗe mini wani shafi a wayarta. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suna ta gardama a kan ɗan sautin nan. Wani ya ce molon Mali ne. Wani ya rantse na Maroko ne. Wani ya ce duk ƙarya ne, na'ura ce ta haɗa shi. Na yi ta ja da yatsa, gardamar ba ta ƙare ba.

A safiyar ranar na nemi sunan garinmu a intanet ɗin nan, ko zan ji wani labari. Layi uku na samu game da wani hari a kan hanya, babu sunan ko mutum ɗaya. Babu wanda ya rubuta komai a ƙarƙashinsa.

Deniz ta ce, “In ka tabbata, kira gida mana ka tambaya.”

Na gaya mata an katse waya, na gaya mata dalili. Ta dafe ƙirji ta ce ta yi baƙin ciki, kuma na yarda ta yi. Amma na ga idanunta sun yi haske. Ta ce, “Ka san wannan labari ne babba?” Uwata ce a kan hanyar nan, ita kuma labari take gani.

Duk da haka ita ta yi abin da ba zan iya ba. Ta rubuta wa mawaƙan, cikin kwana biyu suka amsa. Sun ce daga ma'ajiyar kaset-kaset ta wata jami'a suka samo shi. Wani Bature mai binciken tsuntsaye ne ya ɗauka shekaru da yawa da suka wuce, a wani gandun daji a arewacin Najeriya, bai rubuta komai a jikin kaset ɗin ba sai sunayen tsuntsaye. Suka turo mana shi cikakke.

A bakin shago na saurare shi, da abin sauraro a kunne. Ashe akwai murya a ciki, mawaƙan ne suka yanke ta. Muryar Baba Jatau ce, tun tana da ƙarfi, kafin haƙoransa su zube. Yana cewa:

Ya shiga da karnuka uku,
Karnuka uku sun dawo.
A gaya wa mai tuwo ta rage gari,
Daji ya yi baƙo bai sallame shi ba.

Na tuna da ita. Ba waƙar fita farauta ba ce. Ita ce wadda yake yi in maharbi ya shiga daji bai fito ba. In aka ji ta ta saman katanga, Inna takan ajiye abin da take yi ta yi salati. Deniz ta nuna mini bidiyon mawaƙan a wani babban fili, da zarar tsirkiyar ta fara sai dubban matasa su ɗaga hannu suna ihu suna tsalle. Ban zarge su ba. Ba su san abin da suke wa rawa ba, wanda ya sayar musu ma bai sani ba. Na cire abin sauraron na koma gugata. Ranar ban iya cin miyar Usta ba.

Yanzu na tabbatar da mai kiɗa, amma sunan abin kiɗan har yanzu babu. Na tambayi Hausawan da muke haɗuwa da su a masallacin Juma'a. Wani ɗan Kano ya ce garaya ce. Wani ɗan Nijar ya ce gurmi ne. Wani ya ce, “Kai da ba ka da takardar zama, abin da ya dame ka ke nan?” Gaskiya ya faɗa. Amma a makonnin nan ba ni da wani abu na gida da zan iya taɓawa sai wannan kaset.

Wata ranar Lahadi da la'asar, ina wanki, wayata ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Yaya Rakiya ce. Ta biyo ayarin motocin da sojoji ke rakawa har Kaduna, ta ari wayar wata mata, don kawai ta ce mini suna da rai. Na zauna a ƙasa cikin ruwan sabulu. Ta ce Inna tana nan, ƙafa ce kawai ke damunta, sun samu ɗaki a gidan wani ɗan'uwan mijinta. Sannan ta fara lissafa mini waɗanda babu su. Ta faɗi sunaye shida. Biyu daga ciki tare muka yi firamare.

Da ta gama, kunya ta kama ni, amma na ce, “Yaya, akwai abin da nake so ki saurara.”

“Habibu, wayar mutane ce fa.”

“Kaɗan ne.”

Na kara wayar da ta abokin ɗakina, na kunna.

Ta ce, “Ina ka samo komon Baba Jatau?”

“Me kika ce sunansa?”

“Komo. Babbar garayar maharba mana. Kai ba ka sani ba? Ƙwarya ce babba da aka rufe da fatar gada, da ɗan ƙarfe mai zobba a ƙarshen sandar, shi ke wannan kukan. Mu mata ai muna leƙawa ta kafar katanga, ku ne Malam ya tsare.”

Komo. Kalma ce 'yar ƙarama, na sha jin ta ma, ban taɓa haɗa ta da sautin ba. Shekara ashirin ina kwana taku goma daga gare shi, sai da na zo ƙasar Turkawa na sha wuya kafin na san sunansa.

Na ce, “Baba Jatau yana nan?”

Ta ja numfashi. Ta ce da damina 'yan bindiga suka ɗauke shi daga gona. Da suka gane makaɗi ne, suka aiko aka karɓi komon daga gidansa. Kwana ashirin yana wurinsu, suna sa shi yana kaɗa wa shugabansu yana yi masa kirari, suna ɗauka a waya. Da suka gaji suka sake shi. Kafin ya iso gida bidiyon ya riga shi isowa. Yanzu yana cikin gari shi ma, a zauren wani ɗansa, kuma akwai masu cewa mawaƙin ɓarayi ne, har da waɗanda ba sa amsa sallamarsa.

Ta ce, “Mai waya tana jira. Ka yi mana addu'a.” Ta kashe.

Na gaya wa Deniz sunan abin. Ta rubuta a takarda, ta sa na maimaita sau uku. Ta ce mawaƙan suna so su gyara rubutun faifan, su sa sunan mai kiɗa, su kuma aika masa da haƙƙinsa. Har suna tambaya ko zai yarda a sake ɗaukarsa, in da hali a cikin dajin, saboda kukan tsuntsaye. Na dube ta, na ga da gaske take, ban san ta inda zan fara ba. Amma maganar suna ta shige ni. Na ce a raina, ga mutumin da garinsu ya juya wa baya, bari duniya ta san shi da abin da ya yi tun yana da mutuncinsa. Na ɗauka wannan ne abu ɗaya mai kyau da tafiyata za ta haifar.

Bayan an dawo da layukan waya, Yaya ta kai masa wayarta. Lokacin hutun azahar ne a wurinmu. Deniz ta so ta zo ta ɗauki hirar, na ce a'a. Na fita bayan shago inda muke tara ɓawon katako.

Na ce, “Baba, ina wuni? Habibu ne.”

“Ɗan Malam? Kai ne aka ce kana ƙasar Turkawa? Ya baƙunta?”

“Alhamdu lillahi, Baba. Ya muka ji da abin da ya faru?”

“Sai haƙuri.”

Muryarsa ta zama siririya. Na ce ina da abin da zan kunna masa, na kunna kaset ɗin tun daga farko. Ina jin numfashinsa a cikin waya. Da ya ƙare ya ce, “Ƙara.” Na ƙara.

Ya ce, “Baturen tsuntsaye ne. Kwana biyar ya yi a wurinmu, ya ba ni tocila. Ka ji tsirkiyar ƙasa? Ta ɗan saki ranar. Na ce ya bari in ɗaure, ya ce haka ma ya yi.” Ya yi 'yar dariya. “Ashe da sakakkiyar tsirkiya na zaga duniya.”

Na ba shi labarin komai, da faifan, da gardamar, da filin da ake tsalle. Na ce suna so su rubuta sunansa, su aiko masa da abin da ya dace, suna ma so ya sake kaɗa musu.

Ya ce, “Da me?”

“Da komon, Baba.”

“Na fasa shi. Ranar da na dawo, da taɓarya. Babu wanda ya sa ni.” Ya yi tari. “Shekara hamsin ina kiran sunayen mazan da suka shiga daji don su ciyar da gari. Da tsirkiyar nan na kira sunan wanda ya kashe 'ya'yansu. Ina so in rayu ne, ɗan Malam, shi ya sa na yi. Amma ba zan sake ɗora ta a cinyata ba.”

Na ce, “Tilas aka yi maka, Baba. Kowa ya sani. Shi ya sa nake so a rubuta sunanka, mutane su san ko kai wane ne.”

“Kada ka ba su.”

“Baba, haƙƙinka ne.”

“Saurara. Waɗanda ke cikin dajin nan su ma suna da waya, sun fi ka iya latsa ta. Ranar da suka ji Turawa sun san sunana, za su ce tsohon nan ya yi arziki. Ba ni za su ɗauka ba wannan karon, sun san ba ni da sauran amfani. Jikokina za su ɗauka. Ka ji ni?”

Na ce na ji. Sannan na ce, “To, sunan abin kiɗan fa?”

“Wannan ba su. Shi ba shi da jikoki.”

Deniz ba ta ji daɗi ba. Ta ce zalunci ne a ci gaba da ɓoye shi, ta ce za a iya kare shi, akwai hanyoyi. Na tambaye ta wace hanya ce ta isa Birnin Gwari daga nan. Usta Kamal ne ya ce mata da Turkanci ta bar ni. Tun daga ranar, in faifan ya zo waƙa ta uku, yakan miƙa hannu ya tsallake ta ba tare da ya dube ni ba.

Ta rubuta labarinta. An karanta shi sosai, an yi ta gode mata a shafin nan, wani ya ce yanzu zai yi barci da daɗi tunda an warware masa matsala. Wani ya tambayi inda zai sayi komo. Mawaƙan sun gyara rubutunsu, sun sa sunan abin kiɗa da sunan ƙasa, wurin sunan mutum suka bar shi yadda yake. Sun aiko mini da riga mai hotonsu. Tana nan, da ita nake goge ƙura.

Har yau ina shagon Usta, takardar zama ba ta samu ba, gonarmu kuma an ce ta zama kurmi. Wanda ya karanta wannan ya yi niyyar neman tsohon, ya huta. Jatau ba sunansa ba ne, ni na ara masa. Yana da rai, yana da jikoki bakwai a ɗaki ɗaya, kuma dajin bai matsa ko taku ɗaya ba.